Na'urorin sanyaya ɗaki a benayen Nima da Maamobi: yadda ake kula da su tun kafin su lalace

A birnin Accra babu mai neman na'urar ɗumama ɗaki. Ko a watan Agusta, lokacin da garin ya fi sanyi, da wuya ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 20. Abin da jama'a ke fama da shi shi ne zafi mai haɗe da danshi, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu. Shi ya sa na'urar sanyaya ɗaki, wadda ake kira esi a Ghana da Najeriya, a Nijar kuma kilim, ta bazu a shaguna da masallatai da asibitoci da ɗakunan haya na unguwannin Zango irin su Nima da Maamobi.

Sayen na'urar bai kai riƙe ta wuya ba. A gidan bene mai 'yan haya da yawa, kowace na'ura da mai ita, amma bangon da aka kafe ta, da wayar da ke kai mata wuta, da hanyar da ruwanta ke bi, na kowa ne. A nan ne yawancin ɓarna ke farawa, domin abin da yake na kowa sau da yawa ba shi da mai dubawa.

Yadda benaye suka shigo Zango

An kafa Nima a farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa ya samu izinin zama a filin iyalan Odoi Kwao na ƙabilar Ga. Daga nan unguwar ta zama masaukin Hausawa da Fulani da Zabarmawa da Mosawa da Kotokoli da sauran baƙi daga arewacin Ghana da ƙasashen maƙwabta. Tun 2018 Nima tana ƙarƙashin ƙaramar hukumar Ayawaso ta Gabas, Maamobi kuma tana Ayawaso ta Arewa.

Ginin da aka saba da shi a nan shi ne gidan ƙasa mai tsakar gida ɗaya da ɗakuna a kewaye, an rufa shi da kwano. To amma fili ya yi wuya. Ƙidayar 2021 ta nuna yankin Greater Accra na da mutane fiye da miliyan 5.4, wanda ya sa ya zama yanki mafi yawan jama'a a ƙasar. Unguwannin Zango kuwa a tsakiyar birni suke, maƙwabtaka da Kanda da Roman Ridge da unguwar filin jirgin sama, inda ƙasa ta fi tsada. Wanda ke son ƙarin ɗaki ba shi da inda zai faɗaɗa sai sama. Don haka a bakin babban titin Nima da manyan hanyoyin Maamobi ake ganin benaye masu hawa biyu zuwa huɗu ko fiye: shaguna a ƙasa, ofisoshi ko makaranta a tsakiya, ɗakunan haya a sama.

Waɗannan benaye ba su kai dogayen hasumiyoyin unguwar filin jirgi ba, irin na Villaggio, inda gini ɗaya ya haura hawa 20. Sai dai matsalar iri ɗaya ce: mutane da yawa a gini ɗaya, na'urori da yawa a jikin bango ɗaya. Bambancin shi ne manyan hasumiyoyi kan ɗauki kamfani ya kula da su, ana cire kuɗin daga abin da mazauna ke biya. A benen Zango yawanci sai na'ura ta tsaya ake neman mai gyara.

Yadda na'urar take aiki

Esi ba ta ƙirƙirar sanyi. Zafin ɗaki take kwashewa ta zubar a waje. Wadda ta fi yawa a Accra ita ce mai gida biyu. Ɓangaren ciki yana da ragar tace ƙura, da fanka, da nannaɗaɗɗen bututu mai sanyi. Ɓangaren waje yana da kwamfuresa, wadda ita ce zuciyar na'urar, da wani nannaɗaɗɗen bututun mai zafi, da fankarsa. Bututan jan ƙarfe biyu ne ke haɗa su, gas yana zagayawa a ciki: ya ɗauki zafi a ɗaki, kwamfuresa ta matse shi, ya saki zafin a waje, ya sake komawa.

Aiki na biyu shi ne cire danshi. Idan iskar ɗaki ta taɓa bututu mai sanyi, ruwan da ke cikinta kan taru kamar raɓa, ya gangara cikin wani ɗan faranti, ya fita ta siririn tiyo. A gari mai danshi kamar Accra, na'ura ɗaya kan fitar da lita da dama a yini. Tun farko ma danshi ne ya haifar da wannan fasaha: a 1902 injiniya Willis Carrier ya ƙera na'urarsa ta farko don wata maɗaba'a a Brooklyn ta Amurka, inda laima ke ɓata takarda.

A kasuwa ana auna ƙarfin na'urar da doki: mai doki ɗaya, ɗaya da rabi, biyu. Wadda ta yi wa ɗaki kaɗan ba ta hutawa, wadda ta yi masa yawa kuma takan yi ta kunnawa da kashewa ba tare da ta cire danshi ba. Duka biyun suna rage kwanan kwamfuresa.

Abubuwa huɗu da ke cin na'ura a Accra

Na farko ƙura. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu kan kawo ƙura mai laushi daga Sahara, mafi yawa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Hazon Accra bai kai na Tamale ko Kano ko Maraɗi ba, amma ya isa ya toshe raga cikin 'yan makonni. A Nima da Maamobi kuma ga ƙurar titi, ga hayaƙin motocin tirotiro, ga maiƙon da ke tashi daga wuraren suya da girki. Idan maiƙo ya haɗu da ƙura sai ya manne wa bututu kamar danƙo, iska ta kasa ratsawa.

Na biyu gishirin teku. Tsakanin Nima da bakin teku 'yan kilomitoci ne kaɗan, kuma iskar da ke kaɗowa daga can tana ɗauke da gishiri. Shi ke cin siraran faifan alminiyam na ɓangaren waje, ya sa ƙarafan da aka ɗora na'urar a kansu su yi tsatsa. Na'urar da ke hawa na sama ta fi shan wannan iska.

Na uku danshi. Babbar damina a Accra takan kama daga Afrilu zuwa Yuli, ƙaramar kuma daga Satumba zuwa Nuwamba. Farantin ruwa da tiyon da ba a wankewa kan yi gansakuka da fumfuna. Daga nan wari ke fitowa, masu asma da yara ƙanana su fi jin jiki. Idan tiyo ya toshe, ruwa ya koma ɗaki ko ya bi bango.

Na huɗu wutar lantarki. Ghana na amfani da wuta mai ƙarfin bolt 230. A shekarun 2012 zuwa 2016 ƙasar ta sha matsalar ɗauke wuta da ake kira dumsor, wato kashe-kunna a harshen Twi. Lamarin ya yi sauƙi daga baya, amma a unguwa mai cunkoso, inda gidaje da yawa ke kan taransifoma ɗaya, wuta kan yi rauni da yamma lokacin da kowa ya kunna kayansa. Raunin wuta na sa kwamfuresa ta ja fiye da ƙima ta yi zafi. Haka ma idan an ɗauke wuta aka dawo da ita nan take: kwamfuresa na buƙatar hutun kamar minti uku kafin ta sake tashi. Ƙaramar na'urar kariya da ake sawa a soket, wadda ke jinkirta shigar wuta kuma ta yanke idan ta yi yawa ko ta yi kaɗan, kuɗinta bai kai kusa da na sabuwar kwamfuresa ba.

Jadawalin kulawa

Aikin ya kasu uku, gwargwadon wanda ya kamata ya yi shi.

Abin da mai ɗaki zai yi da kansa shi ne wanke raga. A kashe na'ura, a zare ragar, a wanke da ruwa, a shanya ta a inuwa har ta bushe, sannan a mayar. A lokacin hunturu ana yi duk mako biyu, sauran watanni sau ɗaya a wata. Masallatai masu darduma da shagunan ɗinki da na aski sun fi buƙatar yawan wankewa, saboda zare da gashi. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa sauya raga mai datti da mai tsabta na rage cin wuta da kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari. Mai ɗaki kuma ya riƙa lura da alamu: ƙara da ba a saba ji ba, ƙanƙara a jikin bututu, ɗigar ruwa, warin ƙuna, ko mitar kati da ke ƙarewa da wuri fiye da da.

Abin da mai gyara zai yi shi ne babban wanki, duk wata uku zuwa shida, gwargwadon yawan amfani. Zai wanke bututun ciki da na waje, ya buɗe tiyon ruwa, ya ɗaure wayoyin da suka saki, ya gwada kafasita, ya auna yawan wutar da na'urar ke ja, ya duba mahaɗar bututai ko akwai yoyo, ya sabunta sosan da ke naɗe da su idan rana ta cinye shi. Ɗauraye ɓangaren waje da ruwa mai daɗi, bayan an kashe wuta, na rage ɓarnar gishiri.

Lokaci biyu ne suka fi dacewa da babban wanki a Accra. Na farko ƙarshen hunturu, wajen Fabrairu, don a kwashe ƙura kafin tsananin zafi. A 2024 da 2025 wannan ya zo daidai da shirin azumi, tunda yawancin Ramadan na waɗannan shekaru biyu a watan Maris ya faɗo, lokacin da masallatai ke cika da dare, na'urori kuma ba sa hutawa. Na biyu bayan babbar damina, wajen Agusta, don a duba tsatsa da fumfuna da hanyoyin ruwa.

Abin da ya rataya a kan mai gini ko wakilinsa shi ne duba abubuwan tarayya aƙalla sau ɗaya a shekara: ƙarafan da ke riƙe da na'urori a bango, babban allon wuta, wayar da ke kai wuta ƙasa don kariya, janareta idan akwai, da hanyar ruwan na'urori. Wannan na ƙarshe an fi raina shi, alhali ɓarnarsa ta fi daɗewa. Ruwan da ke ɗiga a bango shekara da shekaru yana shiga kankare, ya tarar da rodi. Rodin da ya yi tsatsa kan kumbura ya fasa kankaren da ke lulluɓe da shi. Maganin ba shi da tsada: bututun roba guda ɗaya daga sama har ƙasa, kowace na'ura a haɗa tiyonta da shi, ya zuba a kwata ko a durom. Ruwan ba na sha ba ne, amma yana wanke tsakar gida da ban-ɗaki.

Wurin da aka kafe ɓangaren waje ma abin dubawa ne. A lungunan Nima, inda gini ke manne da gini, akan jera na'urori a matsattsen wuri, wata a saman wata. Iska mai zafi da ta ƙasa ta fitar ita ta sama ke shaƙa, don haka ɗan hayar hawa na uku kan biya kuɗin wuta fiye da na ƙasa ba tare da ya san dalili ba. Kafin a huda bango a tabbatar akwai sarari gaba da baya, kuma mai gyara zai iya kai wa gare ta ba tare da ya yi kasada da ransa ba. Na'urar da ba a iya kai wa gare ta, ba a wanke ta.

Batun ƙarin gas

Mutane da yawa sun ɗauka gas ɗin esi yana ƙarewa kamar man mota. Ba haka ba ne. A rufaffen bututu yake zagayawa, kuma idan ya ragu to akwai inda yake fita. Yawanci a mahaɗar bututai ne, inda akan ga alamar mai, ko kumfa idan an shafa ruwan sabulu. Mai gyaran da ya ƙara gas bai toshe yoyo ba zai dawo bayan 'yan watanni ya sake karɓar kuɗi. Aiki na ƙwarai shi ne a gano wurin, a gyara, a gwada da iskar naitirojin, a zuƙe iska da danshi daga bututun da famfo na musamman, sannan a zuba gas bisa awon da aka rubuta a jikin na'urar. Ba a gwada bututu da iskar oksijin, domin idan ta haɗu da man kwamfuresa tana iya fashewa.

Gas ɗin ma iri-iri ne, kuma ba a gauraya su. Tsofaffin na'urori na amfani da R22, wanda ke lahanta rufin ozon na sararin sama. A ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987, ƙasashe masu tasowa, har da Ghana, za su daina amfani da irinsa kusan gaba ɗaya zuwa 2030, don haka zai ƙara wuya da tsada. Wanda ya gaje shi, R410A, ba ya taɓa ozon, amma kilo ɗaya nasa na ɗumama duniya kamar kilo 2,000 na hayaƙin kabon. Saboda haka aka yi gyaran Kigali a Oktoban 2016 don a rage irinsa shi ma. Sababbin na'urori da yawa na zuwa da R32, wasu kuma da R290. Illarsu ga yanayi ba ta kai ta na baya ba, amma suna kama wuta, musamman R290. Wanda bai samu horo a kansu ba bai kamata ya kusance su da wutar walda ba.

A Accra ana koyar da wannan sana'a a cibiyar koyon sana'a ta ATTC da ke Kokomlemle, kusa da Nima, akwai kuma ƙungiyar masu shagunan gyaran firiji da esi ta ƙasa, NARWOA. Mafi yawan masu gyara a hannun ubangida suka koya, kuma a cikinsu akwai gwanaye. Hanya mai sauƙi ta gane wanda ya san aiki ita ce a dubi kayan da ya zo da su: ma'aunin gas, ma'aunin wuta, famfon zuƙe iska, da sikeli.

Manyan gine-gine da na'urar bai-ɗaya

A dogayen hasumiyoyi da otal-otal da manyan asibitoci, sau da yawa ba a sa wa kowane ɗaki tasa na'urar. Wasu na amfani da babban ɓangaren waje guda ɗaya mai ciyar da ɗakuna da dama. Wasu kuma injin sanyaya ruwa ne, ana tura ruwan sanyi ta bututai zuwa kowane hawa, zafin kuma a fitar da shi ta hasumiyar ruwa a saman gini. Irin wannan tsari idan ya tsaya, ginin gaba ɗaya ya shiga zafi, shi ya sa ake ajiye ma'aikaci da littafin da ake rubuta awo kullum.

Hasumiyar ruwa na da haɗarin kanta. A Yulin 1976, bayan wani taron tsofaffin sojoji a wani otal a Philadelphia ta Amurka, mutane da dama suka kamu da ciwon huhu mai tsanani, kusan 30 suka mutu. Bincike ya gano wata ƙwayar cuta da aka sa wa suna Legionella, wadda ke yaɗuwa ta feshin ruwa mai ɗumi. Tana hayayyafa a ruwan da ke tsakanin digiri 20 da 45, wato kusan yanayin ruwan da ke tsaye a Accra duk shekara. Ƙaramar esi ta ɗaki ba ta amfani da irin wannan ruwa, amma hasumiyar ruwa da tankunan ruwan zafi na buƙatar wanki da magani a kai a kai.

A nan ne batun ɗumamawa ya shafi Accra. Hitar ruwan wanka ta yawaita a sababbin benaye da masaukan baƙi. Ana so ruwan tankinta ya kai digiri 60 don ƙwayoyin cuta su mutu, a riƙa gwada bawul ɗin da ke sakin matsi, a tabbatar an haɗa ta da wayar ƙasa. Hitar da ma'aunin zafinta ya mutu, bawul ɗinta kuma ya toshe, tana iya fashewa.

Wuta da gobara

Gidaje da yawa a Zango an ja musu waya ne a zamanin da kayan wutar ɗaki ba su wuce ƙwan fitila da fanka da rediyo ba. Fankar sama takan ja wat 50 zuwa 75. Esi mai doki ɗaya da rabi takan ja wat 1,000 ko fiye. Ɗora irin wannan nauyi a kan tsohuwar waya, ko a kan soket mai dogon igiya, neman gobara ne. Kowace na'ura na buƙatar layinta daga allo, da makashinta. Dokar jan wayar lantarki ta 2011 ta tanadi cewa sai wanda Hukumar Makamashi ta Ghana ta ba shaida ne zai ja wa gini wuta.

A bene gobara ba ta tsayawa a ɗakin da ta tashi. Gobarar hasumiyar Grenfell a Landan, a Yunin 2017, daga firijin wani ɗaki a hawa na huɗu ta fara, ta halaka mutum 72. A Nima da Maamobi akwai ƙarin matsala: lunguna da yawa ba su da faɗin da motar kashe gobara za ta shiga. Don haka kowane hawa na buƙatar tukunyar kashe wuta da ke aiki, matattakala kuma a bar ta a buɗe, kada ta zama ɗakin ajiya. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, ta 'yan kwana-kwana kuma 192.

Abin da doka ta ce game da na'urorin

Ghana na cikin ƙasashen Afirka da suka fara sa ido kan cin wutar kayan gida. Tun 2005 aka yi dokar da ta wajabta wa esi ta ɗauki takardar taurari ta Hukumar Makamashi: yawan taurari, ƙarancin cin wuta. A 2008 aka yi wata dokar da ta hana shigo da tsofaffin firiji da esi da aka yi amfani da su a ƙasashen waje, aka tsananta aiwatar da ita daga 2013. Dalili shi ne irin waɗannan kaya na shan wuta, kuma ba sa daɗewa kafin su zama bola. Shekaru da dama irinsu kan ƙare a kasuwar gwangwan ta Agbogbloshie, wadda hukumomi suka rushe a Yulin 2021.

Ga mai saye, lissafin a bayyane yake. Na'urar da ke jan wat 1,100, idan ta yi awa takwas kowane dare kwamfuresarta ba ta huta ba, za ta ci kusan yunit 9 a dare, sama da 260 a wata. Idan datti ya ƙara mata kashi 10 cikin ɗari, yunit 26 ke nan a banza duk wata. A gini mai na'ura goma, yunit 260 ne, daidai da a ce an ƙara na'ura ta goma sha ɗaya da ba ta sanyaya kowa. Araha ba ta ado: tsohuwar na'ura mai sauƙin kuɗi a mita take karɓar cikon kuɗinta.

Wa zai biya?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace wuya. Benaye da yawa a Zango gidajen gado ne, masu su da yawa, wasu suna Kumasi, wasu suna Jamus ko Amurka. Dokar haya ta 1963 ta taƙaita kuɗin da mai gida zai karɓa a gaba zuwa wata shida, amma a Accra an saba karɓar na shekara ɗaya ko biyu. Mai gida ya karɓi kuɗi a dunƙule ya kashe, ɗan haya kuma yana ganin ya gama biya. Idan ƙarfen da ke riƙe da na'ura ya yi tsatsa ko bango ya jiƙe, babu asusun da za a taɓa.

Ba matsalar talakawa kaɗai ba ce. A Surfside ta jihar Florida, wani bene mai hawa 12 da masu ɗakuna suka mallaka tare ya rufta a Yunin 2021, mutum 98 suka mutu. Tun 2018 wani injiniya ya yi gargaɗi kan lalacewar kankaren ginin, amma aka ɗauki shekaru ana ja-in-ja kan kuɗin gyara. Faransa kuwa tun 1965 ta yi dokar mallakar gini ta tarayya, wadda ta tanadi wakili mai suna syndic da zai kula da abubuwan da ke na kowa, daga baya kuma aka wajabta ajiye littafin kula da gini.

Ba sai an jira irin wannan doka ba kafin a ɗauki darasinta. Abu huɗu sun isa ga bene mai hawa uku a Maamobi. A rubuta a takardar haya abin da ke kan mai gida da abin da ke kan ɗan haya: raga da wankin na'ura na mai ita ne, allon wuta da bututun ruwa da bango na mai gini ne. A naɗa mutum ɗaya da kowa ya yarda da shi ya riƙe aikin. A buɗe asusu da kowa zai riƙa zuba ɗan abu duk wata, kamar adashi, wanda a Ghana ake kira susu kuma babu wanda bai san shi ba. Sannan a ajiye littafi a rubuta ranar kowane wanki, da abin da aka sauya, da irin gas da yawansa, da sunan mai gyara. Idan aka kira mutum ɗaya ya wanke na'urorin gini duka a yini guda, farashin kowace kan sauka, kuma shi zai ga matsalar da ta shafi ginin baki ɗaya, wadda mai zuwa ɗaki ɗaya ba zai gani ba. Kwamitin masallaci da hukumar makaranta ma za su iya bin wannan tsari.

Rage wa na'ura nauyi

Hukumar makamashi ta duniya, IEA, ta yi hasashe a 2018 cewa yawan na'urorin sanyaya ɗaki a duniya zai tashi daga biliyan 1.6 zuwa 5.6 kafin 2050, mafi yawa a ƙasashe masu zafi. Kulawa mafi sauƙi ita ce kada a sa na'ura ta yi aikin da ya fi ƙarfinta. Ɗakin hawa na ƙarshe, wanda ke ƙarƙashin kwano ko dakalin kankare, yana buƙatar silin mai kyau ko farin fenti a rufi. Tagar da ke kallon yamma na buƙatar labule ko rumfa. Ƙofa da taga su kasance a rufe idan na'ura na aiki.

Saita na'ura a digiri 16 ba ya sa ɗaki ya yi sanyi da sauri, kwamfuresa kawai yake hana wa hutu. Indiya, wadda ta fi Ghana zafi a wurare da yawa, ta wajabta tun 2020 cewa sababbin na'urori su fito daga masana'anta a saite a digiri 24. Idan aka haɗa digiri 24 ko 25 da fankar sama, jiki kan ji daɗi, mita kuma ta yi jinkirin ƙarewa.

Ga mazauna bene a Nima ko Maamobi, watan Janairu ne lokacin shiri: a zauna a tara kuɗi, a tsayar da rana da mai gyara, a duba ƙarafa da wayoyi da tiyo. Idan aka bari sai Maris, lokacin da zafi ya kai maƙura kuma kowa na neman mai gyara a rana ɗaya, jira zai yi tsawo, farashi kuma ya hau.